Saniyar da Ta Koma Maraƙa

A tsakiyar ranin shekarar 1979, daren kasuwa bayan sallar isha'i, mutanen Karofane, a ƙasar Nijar, suka ji ruwa yana zuba.

Ba yayyafi ba. Ruwa ne sosai, irin mai dukan rufin kwano, da tsawa tana binsa a baya. Biba, 'yar Tsoho mai shanu, tana kwance a tsakar gida, ta zabura, ta kifa tasa a ka, ta ruga don ta kwashe kuɓewar da ta shanya a kan rumfa. Da ta ɗaga kai sai ta ga taurari fal, ko gajimare ɗaya babu. Ƙasa a bushe take ƙarƙashin ƙafarta. Amma ruwan bai fasa zuba ba, daga wajen kasuwa ƙararsa take zuwa.

Shekara biyar ke nan da babban fari, har lokacin kuwa babu mai jin ƙarar ruwa a garin ya iya zama. Mata suka fito da tuluna da ƙoruka. Wani dattijo ya rantse ɗigo biyu sun faɗo masa a ƙeya. Biba ta bi jama'a, tasa a kanta.

A bakin kasuwa suka tarar da wata farar mota, da inji yana tari a gefenta, da farin zane da aka ɗaure tsakanin gawo biyu. A jikin zanen wata Ba'indiya ce mai dogon gashi take waƙa cikin ruwa, ta jiƙe sharkaf. Zanen kuwa ko laima bai yi ba. Motar sinima ce ta wani ɗan kasuwar Madawa, ranar ta fara shigowa garin.

"Sannu da ruwa, 'yammata. Tasa ta cika ko da saura?"

Biba ta juya. Wani saurayi ne dogo, siriri, zaune a kan akwatin katako, da ƙaramin turnabis na kwance rediyo maƙale a bayan kunne. Sai lokacin ta tuna da abin da ke kanta. Ta sauke tasar da sauri ta rungume.

"Kai da ka san ba ruwa ba ne, mi ya hana ka hwaɗa ma mutane?"

"Kunya. Ni ma ranar da na hwara ji a Madawa, sai da na kwashe rediyoyin mutane na ruga cikin shago."

Ba ta so yin dariya ba, amma ta yi.

Sunansa Sha'ibu, mutumin Deule. Da damina yana noman gero da dawa a gonar mahaifinsa, da rani yana gyaran rediyo da fitilu a Madawa, yana bin kasuwannin ƙauye da akwatinsa. Ya tsaya nesa kaɗan da ita, yadda ya kamata, yana yi mata bayanin abin da ke faruwa a zanen: wannan uwarta ce, wancan mai gashin baki mugu ne, kada ki yarda da shi.

"Kana jin yarensu?" ta tambaya.

"Ko kalma guda. Huska nake dubawa."

Ya zaro wani ɗan littafin rubutu mai shuɗin bango daga aljihu. A ciki ya jera fim bakwai da ya ce bai kamata mutum ya bar duniya bai gani ba. Bai san sunayensu ba, don haka shi ya raɗa musu. Akwai na sojan da ya manta hanyar gida. Akwai na ɓarayin da suka sace amarya suka tarar kakarta ce. Akwai wani da ba a magana a cikinsa ko kaɗan, doki ne kawai da farar ƙanƙara har ƙarshen ido.

"Amma babbansu," ya ce, ya ɗora yatsa a layin farko, "na mai jirgin ƙasa ne. Wanga, in kin gan shi, kin ga duniya."

"Ni ma ina da nawa," Biba ta ce. "Guda ne, amma littahi ne."

Madam ɗin lekol, malamarsu ta makarantar boko, ce ta bar mata shi ranar da aka cire ta daga aji biyar don ta taya gida aiki. Labarin wata mata ne da ta bi ayarin gishiri tana neman yayanta. Ɗinkin littafin ya kwance tuntuni, ɓera kuma ya cinye kusurwar da lambobi suke, wata rana iska ta watsa shafukan a tsakar gida. Damina guda Biba ta yi tana mayar da su. Takalman matar ta bi: inda suke sababbi nan ne farko, inda suka tsinke har ta ɗaure su da igiya nan ne ƙarshe. Da ta gama ta ɗinke shi da zaren dukawa.

Sha'ibu ya daɗe yana kallonta. Sai da matar zane ta sake shiga ruwa sannan ya tuna ya rufe baki.

Maƙwabciyar su Biba, Inna Kande, bazawara ce mai kai tabarmi kasuwar Madawa kowane mako. Ba ta karatu, amma babu wasiƙar da ta ɗauka ba ta shinshina ta ba. Ita ta kai wa Sha'ibu aron littafin, ita ta dawo da takarda cikin ƙullin zane.

"Zuwa ga Ruwan Rani. Gaisuwa da hwatan kina lahiya. Na karance littahinki sau biyu. Faransancina na aji uku ne, inda ban gane ba na cike da kaina, in na yi ma matar ƙarya ta gahwarce ni. A tsakiya na ga ɗigon miyar kuka, na san nan ne kika kasa ajiyewa ki ci tuwo. Ni ma nan na ƙona rediyon wani soja. Naki, mai turnabis."

Biba ta amsa a bayan takardar sabulu.

"Mai turnabis. Ba miyar kuka ba ce, ta yakuwa ce. In ba ka iya bambance su ba, yaya za a yi ka riƙe gida? Kada ka naɗe mani kunnen shahi. Ina gaida sojan."

Haka aka yi ta yi har rani ya zagayo. Kande tana cewa ita dai ba ta taɓa ganin soyayyar da ake yi da miya ba.

Da kawun Sha'ibu ya zo da goro neman izini, Tsoho ya karɓe shi da mutunci, ya shimfiɗa masa buzu, ya sa aka dama fura. Amma bai taɓa goron ba.

"Gero na san shi," Tsoho ya ce. "Saniya na san ta tun daga kofato har ƙaho. Mutumen da ke barin barci ya tahi kallon inuwa bisa zane, shi ne ban sani ba. Ban ce shi mugu ne ba. Halinai ne ban gani ba."

Bayan kwana biyu Sha'ibu da kansa ya zo garke, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa. Biba tana tatsa a bayan wata jar saniya, tana jin komai.

"Baba, in halina kake son gani, ba wuya. Kasuwa mai zuwa motar sinima za ta dawo da fim ɗin mai jirgin ƙasa. Ka dubi saurayin da ke ciki. Abin da ya yi ma yarinyar, shi zan yi ma Biba. Allah shi ne shaida."

Tsoho ya dube shi, ya dubi shanunsa. "To. Zan tahi in gani."

Kafin azahar Kande ta kai maganar kowane gida. Daren kasuwa ya yi, garin duka ya fito kallon halin Sha'ibu. Har waɗanda suke cewa sinima aikin aljanu ne sun zo da tabarmarsu. Bubakar, wanda ya dawo daga Abijan da agogon hannu da rediyo mai kaset, wanda kuma ya daɗe yana bin ƙofar gidan su Biba ba tare da an ce masa shigo ba, ya zauna a gaba, kusa da Tsoho.

Mutum biyu ne ba su nan. Sha'ibu, motar da ya shigo ta mutu a cikin wata korama tsakanin Madawa da Buza. Takawa kuma, mai nuna fim, kunama ta harbe shi da safe a Deule, yana kwance cikin mota, hannu ya kumbura kamar gorar nono. Direba Bilal ne ya ce shi ma ya iya, ai kullum yana gani. Biba tana kallo ya buɗe akwati, ga gwangwanin fim huɗu masu faɗi, ɗaya bisa ɗaya. Ya ɗauki na sama, kamar yadda kowa zai yi.

Zane ya yi haske. Saurayi ya durƙusa gaban wani tsoho, ya miƙa masa sanda mai kan azurfa. Aka yi kiɗa, aka rataya wa saurayi da budurwa furanni, har da wata babbar saniya mai farin goshi da karyayyen ƙaho, ita ma aka rataya mata, ɗanta yana tsotso. Biki ne.

"Kai, yaron ga ba shi da wasa," wata mata ta ce. "Da biki ya hwara!"

Mata suka yi guɗa. Ƙawayen Biba suka mintsine ta, ta rufe fuska da mayafi, zuciyarta fari ƙal.

Bilal ya sa gwangwani na biyu. Saurayin nan, da ƙunshi a kafaɗa, ya hau jirgin ƙasa. Yarinyar ta biyo jirgin da gudu ba takalmi, tana kiransa, har ta faɗi. Daga nan sai kuka. Ta yi kuka a rijiya, ta yi kuka a bakin murhu, ta rungume wuyan saniya ta yi kuka. Shi kuwa yana wani babban birni mai fitilu.

Guɗa ta mutu. Biba ta janye mayafin a hankali.

A gwangwani na uku sai ga shi a ƙauyen. Mutane suka yi ajiyar zuciya, suka ce ya dawo. Amma tsohon ya ɗaga masa sanda, shi kuwa ya fizge ta, ya karya a gwiwa, ya jefar.

"Baba Tsoho," Bubakar ya ce, da muryar da kowa zai ji, "in ban yi kure ba, kai ne wancan."

A na huɗu, yarinyar tana ɗibar ruwa a rijiya, saurayin ya zo ya wuce ta. Bai gaishe ta ba. Ya kalle ta kamar bai taɓa ganinta ba, ya juya yana dariya da wata mata. Ita kuma ta laɓe bayan itace tana leƙensa. Zane ya yi fari.

"Shi ke nan?" Kande ta ce.

"Gwangwani sun ƙare, Inna," in ji Bilal.

Jama'a suka naɗe tabarmi suka kama hanyar gida. Biba ba ta san ko ƙafarta na taka ƙasa ba.

Da hantsi washegari Sha'ibu ya iso a bayan motar albasa, rigarsa duk ƙasa, fuskarsa cike da fara'a. Kai tsaye ya wuce garke ya durƙusa.

"Baba, kun gani?"

"Mun gani."

"To wallahi haka zan yi. Ba ragi."

Tsoho ya gyara tsayuwa. "Duka?"

"Duka, Baba, tun daga hwarko har ƙarshe. Ƙarshen ma ya hi daɗi. Sau huɗu na gan shi, kullum sai na yi hawaye don murna."

"Har abin da ya yi ma tsohon, da sandar?"

"Shi ma! Kai ma haka zan yi maka, gaban mutane, kowa na kallo."

Biba, da ke tatsa a gefe, ta ajiye ƙwaryar nono. Tsoho bai ɗaga murya ba.

"Tashi ka bar mani garke. Kada in ƙara ganin ƙahwarka ƙohwar gidana."

Da yamma Tsoho ya kira ta. "Ba ni yi maki dole da kowa, ɗiyata. In kin so ki zauna shekara goma, gidan ubanki ne. Amma wancan, a'a."

Ta rubuta wasiƙa mafi gajarta da ta taɓa rubutawa.

"Sha'ibu. In ka gaji da ni da ka hwaɗa da baki, ba sai ka tara gari ka nuna masu bisa zane ba. Ka aiko mani littahina. Biba."

Kande ta dawo da littafin, da takarda a tsakiyarsa.

"Ruwan Rani. Kwana uku ban ci abin kirki ba. Mi ya ɓata maki rai, bikin ko hurannin? In hurannin ne a bar su. Inna Kande ta ba ni labarin abin da kunka gani, na kasa gane kanai. Mutanen su ne, jirgin shi ne, sandar ita ce, amma kamar ba fim ɗina ba. Na tambaye ta sau uku, sau uku ta ba ni labari dabam. Yanzu har na hwara shakka. Tun da ba ni jin yarensu, ko ni ne ban gane shi ba duk sau huɗun? In haka ne, ban san mi na rantse a kai ba. Abin da na sani guda ne, ba ni iya wuce ki a rijiya. Naki har yanzu, in kin yarda."

Biba ta karanta har ta haddace, ba ta ƙaru da komai ba sai ciwon kai. Maƙaryaci ba ya rubuta irin wannan. Amma da idonta ta gani, da kunnenta ta ji yana cewa ba ragi. A ƙofar gida kuwa Bubakar ya fara zama kowace yamma yana sa kaset, har mutanensa sun aiko suna tambayar ranar da za su zo gaisuwa.

Abin da ya ƙara ɗaure mata kai shi ne mahaifinta. Tun daren sinima Tsoho ya zama wani iri. Sai ya tsaya gaban karsanarsa ya yi ta kallonta, ya taɓa ƙahonta, ya girgiza kai. Ta ɗauka baƙin cikin sandar ne. Rana ta shida da ta kai masa fura, ta ji yana magana shi kaɗai.

"Baba, lahiya?"

"Shanun mutanen can," ya ce, bai juyo ba. "Shekara hamsin ina kiwo, ban taɓa ganin irinsu ba."

"Waɗanne mutane?"

"Na cikin zane mana. Saniyar ga mai hwarin goshi. Ranar biki babba ce, da ɗanta, ƙahon hagu a karye. Da yaron ya hau jirgi, ƙaho ya koma lahiya lau. Ƙaho ba ya komawa, Biba. Ranar da ya karya sanda na dube ta, ta zama karsana. Can ƙarshe, wajen rijiya, sai ga ta maraƙa, jiƙe, uwa tana lasarta. Ita ce, na san goshinta. Mi suke ba shanunsu?"

"Baba, kai duk saniya ka kalla?"

"To mi zan kalla? Mutane sun yi ta kuka, ba su ce komi da na ji ba."

Biba ta koma gida tana juya maganar. Ta zauna bakin rijiyar gida tana wanke kwanuka, duk wanda ta wanke ta kifa, na gaba ya hau kansa. Littafinta yana kan tabarma, iska tana buɗa shi tana rufewa, zaren dukawa yana leƙowa. Takalma sababbi, farko. Takalma tsinkakku, ƙarshe. Ta miƙa hannu ta ɗauki kwanon da ke sama don ta zuba ruwa, sai ta ga shi ne wanda ta wanke yanzun nan. Na farkon yana can ƙasa.

Ta daɗe riƙe da kwanon. Sannan ta kwashi guda huɗu ta ruga garke, ko mayafi ba ta ɗauka ba.

"Baba, duba." Ta ajiye kwano a ƙasa. "Wanga maraƙa ce." Ta ɗora na biyu. "Karsana." Na uku. "Saniya mai ƙaho biyu." Na huɗu. "Mai karyayyen ƙaho da ɗanta. Yanzu ɗauki guda ka ba ni."

Tsoho ya ɗauki na sama.

"Haka direban ya yi. Daga ƙarshe anka nuna mana, Baba. Ba aurenta saurayin ya yi ya mance ta ba. Bai san ta ba ne, sannan ya san ta, ya yi hwaɗa da ubanta, ya tahi, ya dawo da sabuwar sanda ya durƙusa. Bikin shi ne ƙarshe."

"Wa ya hwaɗa maki?"

"Saniyarka."

Tsoho ya tsuguna. Ya rushe kwanukan ya sake jerawa da kansa, ya sake rushewa. Wata akuya ta zo ta leƙa na ƙasan, ya kore ta.

"Ina motar take yanzu?"

"Inna Kande ta ce jibi tana Babankatami."

"A ɗaura amalanke. Ba don yaron zan tahi ba, kin ji? Saniyar nake son gani."

Biba ta ba direban motar albasa 'yar takarda.

"Mai turnabis. Ka zo Babankatami daren kasuwa. In ka ga Baba, ka gaishe shi kawai. Kada ka yi bayani, kada ka rantse da komi."

Yini guda suka yi a hanya, ita da Tsoho da wata gwaggonta. Kande ta so zuwa, ciwon ƙugu ya hana ta. A Babankatami suka tarar da Takawa ya warke, hannu naɗe da tsumma. Da Tsoho ya jera masa labarin saniya, sai ya dafe kai.

"Duk wanda na gama nunawa, naɗe shi nake in aje, na gaba ya hau bisa. Ni daga ƙasa nake ɗauka! Bilal! Kai Bilal, daga ina ka ɗauka a Karofane?"

"Daga inda hannu ya kai," in ji Bilal. "Ni ma na ce labarin mutanen nan ba shi da kai."

Sha'ibu ya zo, ya rame, ya durƙusa ya yi gaisuwa. Ya buɗe baki zai ƙara, Biba ta harare shi daga bayan amalanke, ya rufe.

Aka fara. Maraƙa ta faɗo, uwa ta lashe ta. Saurayi ya wuce yarinya a rijiya, matar da yake dariya da ita ashe ɗaki ɗaya suke da tsohuwarsu, ƙanwarsa ce. Tsoho bai kula da wannan ba. "Ta yi wata shida," yake cewa. Can kuma, "Ta isa barbara." Da ambaliya ta zo a ƙarshen gwangwani na uku, saniyar ta bugi gada ƙaho ya karye, sai ya buga cinya. "Awo! Ga inda ya karye! A Karofane ina sallamar wani a lokacin, ban gani ba."

Takawa yana ɗaura na huɗu inji ya yi tari sau biyu ya mutu. Mai ya ƙare. Jama'a suka yi ta ihu, wasu suna cewa a je gidan maigari a nemo. Sha'ibu ya miƙe kamar zai yi kuka.

"Baba, saura guda! Nan ne ya dawo, nan ne..."

"Zauna," Tsoho ya ce. "Wanga na gan shi a Karofane. Biki ne, da sanda mai kan azurhwa." Ya karkaɗe rigarsa. "Saniya ta girma yadda Allah ya tsara. Ka turo kawunka. Amma ka ji, batun jirgin ƙasa ban yarda ba."

"Baba, ƙasarmu duka ba jirgin ƙasa."

"Shi ya sa na ba ka."

Kafin su kama hanya da asuba, Sha'ibu ya tarar da Biba tana ba shanun amalanke ruwa, gwaggo tana can gefe tana yi kamar ba ta gani.

"Ruwan Rani, kin yahe mani?"

"Mi ka yi?"

"Ban sani ba. Shi ya sa nake roƙo."

Ta miƙa masa guga. "Nan gaba in za ka hwaɗa mani abu, ka hwaɗa da bakinka. Kada ka ƙara aiko Indiyawa."

Bayan kaka, da gero ya shiga rumbu, aka ɗaura aure a ƙofar gidan Tsoho. Liman ya yi addu'a mai tsawo, Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya ta gari, ya cika musu rumbu da garke, ya sa su tsufa tare, jama'a suka shafa. Sha'ibu ya durƙusa gaban kowa ya miƙa wa Tsoho sanda. Ba azurfa ba ce a kanta, murfin tsohuwar fitila ne ya goge har yana ƙyalli, amma Tsoho bai sake fita da wata sanda ba. Bubakar ya yi kwana biyu yana fushi, ran na uku ya kawo rediyonsa aka yi rawa da shi.

Aka kai amarya Deule. A ɗakinta, cikin kwanuka da tabarmi, ta tarar da ɗan littafin nan mai shuɗin bango a kan matashi. An ƙara layi na takwas: na matar da ta bi ayarin gishiri, littafi ne, akwai miyar yakuwa a tsakiya. Ta rufe shi ta sa ƙarƙashin nata, tana murmushi cikin lulluɓi.

Ango da abokansa suka iso bakin ƙofa, mata suka cika ɗaki suna sa albarka, wannan ta ce Allah ya bar ku tare, waccan ta ce amin. Kande tana zaune a dokin ƙofa tana tauna goro. Sau goma aka jera mata kwanuka tun dawowarsu daga Babankatami, sau goma ta ce ta gane. Da hayaniya ta lafa sai ta gyara murya.

"Ni dai abu guda ya tsaya mani a rai. Bikin ga da munka yi yau, gwangwanin sama ne ko na ƙasa?"